Ramin da aka haƙe, kada ka sayi iri

'Yan uwa, in an gama haƙar tsakuwa ko jar ƙasa a filinka, kana son ciyawa ta sake rufe wurin, je inda ake jibge ciyawar dabbobi ka share ɓurɓushin ƙasan. Irin kyasuwa, ƙarangiya da gadagi duk suna ciki, kyauta.

Gauraya shi da takin awaki, ka ƙara 'ya'yan bagaruwa kaɗan. Tona ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwa, ka watsa bayan ruwan farko mai nauyi.

Ciyawar nan ta saba da ranar Damagaram. Ƙarangiya kan riga fitowa ta riƙe ƙasa. Haƙuri da ƙayarta. Gadagi kuwa yana gyara ƙasar.

Amma wuri mai kanwa, kada ka wahala. Kuma in ba shinge, awaki za su cinye tun tana jaririya. Nawa haka ya tafi bara.