Kurakuran da aka fi yi wajen canza filtar mai a tsohuwar bas mai ja da ƙafa huɗu

Na gaji da ganin mutum ya canza filtar mai da hannunsa, sannan motar da ta wuni lafiya ta ƙi tashi. Da yawa daga cikin tsofaffin motocin nan, irin su Delica L300 da HiAce, injin gas (wato dizal) ne da su, shi kuwa injin gas ba ya ga maciji da iska a layin mai.

A nan ake faɗuwa. A ɗaura sabuwar filta cike da iska, a murɗa makulli, motar ta tashi da guntun man da ya rage, can ta mutu. Sai a kama murɗa makulli ba ji ba gani. Ni ma na yi haka a farko: batir ya kwanta, sitata ta fara ƙauri, ƙarshenta sai da na sayi wata. Alhali ga famfon hannu nan a saman kan filtar, don wannan aikin aka yi shi! Sassauta notin fitar da iska, ka yi ta danna famfon har kumfa ta ƙare mai zalla ya fito, ka ɗaure notin, ka ci gaba da dannawa har famfon ya yi tauri. Sannan ka taɓa makulli. Ni ba na barin sitata ta wuce daƙiƙa 10 a juyi ɗaya.

Wasu kan cika filtar da gas kafin su ɗaura. Ni ba na yi, don man da ka zuba ta tsakiya bai bi ta tacewa ba, injekta, mai fesa mai cikin inji, zai nufa da dattinsa.

Sai robar bakin filta. Tsohuwar takan manne a sama, ka ɗora sabuwa a kanta, iska ta samu ƙofa. Sa yatsa ka laluba. Shafa wa sabuwar ɗan gas, ka ɗaure da hannu.

Na'urar gano ruwa da ke gindin filtar roba ce. Haba, me ya kawo ƙarfin sifana wurin? Kana matsa mata za ta tsage.

In taka mai fetur ce, kuma famfon manta na lantarki ne, cire fiyus ɗin famfon mai ka bar injin ya mutu da kansa kafin ka kwance tiyo, in ba haka ba mai ya feso maka a ido. Duba kibiyar jikin filtar, wajen inji take nunawa. Washar tagulla ta mahaɗin tiyo kuwa sabuwa ake sawa, tsohuwar yoyo za ta yi.