Yadda za ka daidaita allon kwamfuta kada wuya ya sage

Ma'aikatan ofis da masu shagunan buga takardu a Maradi, ku fara da kujera: tafin ƙafa ya taka ƙasa, baya ya jingina.

Sai allo. Gefensa na sama ya yi daidai da ido, ko ƙasa kaɗan. In ya yi ƙasa da yawa, kai zai yi ta sunkuyawa, wuya da kafaɗa su sha nauyi har la'asar. Ɗora shi kan ƙunshin takarda, ba sai ka sayi komai ba.

Nisansa da fuska santimita 50 zuwa 70.

Taga ta kasance a gefe. Ranar Maradi in ta bugi allo, dole ka karkace kana leƙe.

Kowane minti 20, dubi nesa.