Kurakuran da ke kashe injin motar yankan ciyawa a Sakkwato

Motar yankan ciyawa irin ta hawa, wadda ake zama a kanta kamar ƙaramar tarakta, ba ta da yawa a Sakkwato. Sai a filayen ƙwallo, manyan makarantu, otal-otal da gidajen masu hali. Yawancinsu gwanjo ne daga Amurka ko Turai, da injin Briggs & Stratton, Kohler ko Kawasaki. Saboda ƙarancinta, da wuya a sami bakaniken da ita kaɗai ce sana'arsa. Idan ta ƙi tashi sai a kira mai gyaran janareto ko mai gyaran injin ban-ruwa. Mutanen nan sun san aikinsu, amma wannan injin yana da nasa hali, kuma kurakurai iri ɗaya ake ta maimaitawa a kansa, har a kai ga jumlar da aka saba: "Alhaji, injin ga ya ƙare, sai dai a sawo wani." Sau da yawa bai ƙare ba.

Babbar ɓarnar kuɗi tana farawa ne ranar da aka murɗa makulli, injin ya juya rabin juyi ya cije, ya yi nishi, ya sake cijewa. Nan take sai a ce batir ne, a sayo sabo. Bai tashi ba, sai a ce kik ne, a kwance shi a kai wa mai naɗi. Daga nan a jawo batirin mota a yi ta danna makulli har kik ɗin ya fara wari. Wanda ya fi kowa gaggawa ma batir biyu yake jerawa ya ba shi bolt 24, alhali kik ɗin na bolt 12 ne. A ƙarshe kik mai lafiya ya ƙone, batirin da ba shi da laifi an jefar, injin kuma yana nan inda yake.

A injin Briggs mai silinda ɗaya, abin da ya fi jawo wannan shi ne tazarar bawul, wato ɗan gibin da ke tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi. A jikin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, akwai wani ɗan ƙarfe da ke ɗaga bawul kaɗan, ƙasa da milimita ɗaya, lokacin da kik ke juya injin, don wani ɓangare na matsin iska ya fita, juyin ya yi sauƙi. Da injin ya tashi ya ɗauki gudu, sai ƙarfen ya kauce da kansa. To idan tazarar bawul ta buɗe saboda daɗewa ana aiki, ɗagawar nan tana ƙarewa a cikin tazarar, bawul bai motsa ba, sai kik ya yi karo da cikakken matsi ya kasa wucewa. Gwajin ba ya cin ko sisi: a cire fulogi a murɗa makulli. Idan injin ya yi ta juyawa sumul, a fara duba tazarar bawul kafin a zargi batir da kik.

Gyaran kuwa da injin a sanyaye ake yinsa. A cire fulogi da murfin bawul. A juya filawil da hannu har fistin ya kai ƙololuwa bawul biyun suna rufe, sannan a ci gaba da juyawa har fistin ya sauka kamar milimita 6. Ana gane wannan da ɗan tsinke mai laushi da aka zura ta ramin fulogi aka yi masa alama. Nan ne mutane ke kuskure: suna saitawa a ƙololuwa cif, inda ɗan ƙarfen nan zai iya taɓa bawul, awon ya fito ƙarya. Ga mai silinda ɗaya wanda lambar Model ɗinsa ta fara da 31 ko 33, bawul na shigar mai yana son milimita 0.08 zuwa 0.13, na fitar hayaƙi 0.13 zuwa 0.18. Ni dai 0.10 da 0.15 nake ajiye su. Ga mai silinda biyu, duka 0.10 zuwa 0.15. Da filageji ake yi, wato siraran ƙarafan awon tazara, ba da reza ko kwalin sigari ba, kuma bayan an ɗaure kusar tsakiya mai kulle saitin a sake aunawa, domin ɗaurin kansa yana sauya tazarar. Idan an cire sandunan tura bawul kada a musanya su: na alminiyam na shigar mai ne, na ƙarfe na hayaƙi. Bayan an saita, a juya injin a hankali ana kallon bawul na shigar mai. Zai rufe, sannan ya ɗan yi wani motsi kaɗan lokacin da fistin ke hawa. In babu wannan motsin, ɗan ƙarfen kamshaf ya karye, sai an buɗe gindin injin an sa sabon kamshaf, a kuma tsince gutsattsarin da suka faɗa cikin baƙin mai. Ko wannan bai kai kuɗin sabon inji ba.

Akwai wani abin da ke sa inji ya cije, kuma ya fi haɗari. Idan tankin fetur yana sama da kafireta, allurar kafireta kuma ta daina rufewa saboda datti, fetur zai yi ta tsiyaya dare da rana ya cika silinda, ya gangara cikin baƙin mai. Alamarsa: baƙin mai ya haura alamar sanda, ya tsinke, yana warin fetur. Wanda bai lura ba ya tayar da inji a haka, cikin ɗan lokaci hannun fistin zai narke a kan kiranshaf, wani lokaci ya fasa bulok ya fito. Duk wanda zai tayar da injin da ya daɗe a ajiye, ya zaro sandar baƙin mai ya shinshina tukuna. Al'adata ita ce in sa ɗan famfon rufe mai a kan tiyon fetur na kowace mota da ta shigo hannuna, in ce wa mai tuƙa ta ya riƙa rufewa da ya tashi aiki. Wasu suna ganin abin lantarkin da ke gindin kafireta ya wadatar. Bai wadatar ba, shi hanyar jet kawai yake toshewa, ba ya hana kofin kafireta ambaliya.

Yanzu ga abin da ke ba ni haushi na gaske. Don Allah wa ya koya wa mutane cire murfin saman inji "don ya sha iska"? Wannan injin ba shi da lagireto. Fankar da ke kan filawil ita ke jawo iska, murfin kuma shi ke tilasta mata bi ta tsakanin fikafikan silinda da na kan inji. Ka cire murfi, iska ta watse a banza, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa. Sakamakon shi ne gaskit ya ƙone, ko hanyar bawul ta zame daga mazauninta ta lanƙwasa sandar tura bawul. Abin da ya kamata shi ne a cire murfin, a share, a mayar. Wanda ya taɓa buɗe shi bayan damina ya san abin da ake tararwa: ƙarangiya da busasshiyar ciyawa sun dunƙule da maiƙo sun toshe fikafikan, gidan zanzaro a manne a lungu, wani lokaci har sheƙar ɓera da ledoji. Injin da ke ɗauke da wannan kaya, ko da murfinsa, dahuwa yake yi.

Haka batun matatar iska. Ƙurar Sakkwato ba ta Amurka ba ce, don haka awa 25 da littafin injin ya ce a wanke soson da ke wajen matatar ya yi mana nisa. Ni kullum aka yi yankan wuni sai na sa a duba. Soson a wanke shi da ruwa da sabulu a bar shi ya bushe sarai. Ta takardar kuwa ba a wanke ta da fetur, ba a kai ta wurin mai faci a hura mata iskar kwamfuresa, domin hakan yana huda ta da ramukan da ido ba ya gani. A ɗan bubbuga ta, in ta toshe a sauya. Amma sai ka ga an cire ta gaba ɗaya an ɗaura tsumma, wai inji ya fi jan wuta. Zai ja, na wata biyu. Ka sa yatsa cikin maƙogwaron kafireta, in ka ji yashi-yashi, ringi da silinda sun riga sun fara cinyewa, kuma shuɗin hayaƙi yana tafe. Sai dai ba kowane hayaƙi ne ringi ba. A injin Briggs mai silinda ɗaya gaskit yana yawan fashewa a siririn wurin da ke tsakanin silinda da ramin sandunan bawul, ya tura baƙin mai cikin gidan matatar iska, injin ya yi ta turnuƙe fili. A duba gaskit kafin a yi maganar ringi.

Idan kuma da gaske inji ya tafi, bulok ya fashe ko kiranshaf ya ci, to sayen wani shi ne wuri na biyu da ake asara mai ciwo. Mutum zai aika kuɗi Kano ko Legas ya ce a turo masa "mai doki 17", shi ke nan. Ƙarfin doki shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a damu da shi, mai 17 da mai 19 duk za su yi aikin. Abin aunawa shi ne bakin kiranshaf da ke fitowa ta ƙasa. Wanda aka fi samu kaurinsa inci 1 ne, wato milimita 25.4, tsawonsa kusan milimita 80. Akwai mai kaurin milimita 28.6, akwai waɗanda tsawonsu ya haura 100, akwai kuma injunan da ake ƙerawa da milimita 25 cif. Bambancin 0.4 ba ya ganuwa a ido, amma fuli zai yi rawa ya cinye makullinsa ya riƙa jefar da bel. In tsawo ne bai yi daidai ba, bel ɗin tafiya da na wuƙa za su fita daga layi. Abin da ake yi daga nan ya fi komai muni: a kai wa mai walda ya like fuli a jikin kiranshaf. Zafin walda ya ƙona sil, mai ya fara zuba, kuma ranar da ake son cire fulin sai dai a yanka. A auna da ma'auni, a kuma kwafi lambobin da ke jikin murfin bawul na Briggs, wato Model da Type da Code, a tura wa mai sayarwa hotonsu. Lambobi biyun farko na Code ma shekarar ƙera injin ce, abin da zai taimaka wa mai sayen gwanjo. A duba gefen da salansa ke fita, da ko murfin motar zai rufu in an koma mai silinda biyu.

Injin janareto ko na ban-ruwa, irin waɗanda suka cika fadamun Wurno da Goronyo, ba ya maye gurbin wannan. Nasu kiranshaf a kwance yake, na motar ciyawa a tsaye. In ka kwantar da shi a gefe, cokalin da ke watsa baƙin mai ba zai taɓa mai ba.

Sai wayoyi. Siririyar wayar da ke fitowa daga kwayil, ba mai zuwa fulogi ba, ba ta karɓar wuta. Aikinta kashe inji: idan aka mayar da makulli, ana haɗa ta da jikin ƙarfe ne, tartsatsi ya ɗauke. Wanda ya saba da mota sai ya ba ta bolt 12, kwayil sabo ful ya ƙone kafin ya ɗauke hannu. Haka yake faruwa idan aka sa makullin mota ko wani makullin da ƙafafunsa suka yi kama amma haruffan bayansa daban. Kada a bi launin waya, kowane kamfani da nasa. A sa mita a nemo wayar da ke haɗuwa da jikin ƙarfe idan makulli yana kashe, wadda kuma ba ta nuna wuta a kowane matsayi. Ita ce ta kwayil. Sannan a lura da caji. Motar da ake kunna wuƙarta da maɓalli tana da kulocin lantarki mai cin kusan amf 4, ƙaramin caji na wasu injuna kuwa amf 3 yake bayarwa. Aka haɗa su, batir zai riƙa mutuwa ana tsakiyar yanka. Irin wannan motar tana son inji mai cajin amf 9 ko 16 da regileta. Bayan an tayar, mita ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5 a kan batir.

Sabon inji na kwali ba ya zuwa da baƙin mai, kuma an sha tayar da shi a bushe don ɗokin a ji ƙararsa. Mai silinda ɗaya yana cin kusan lita 1.4, mai biyu kusan 1.9. A zuba kaɗan-kaɗan ana duba sanda, cikawa fiye da alama ma hayaƙi take jawowa. Littafin ya ce SAE 30, ni a zafinmu 20W-50 mai kyau nake sawa, ba na kwalbar bakin titi ba. A juye na farko bayan awa 5, daga nan kowace awa 50.

Ragowar ƙanana ne amma suna cizo. Ba a dukan kiranshaf da guduma don fitar da fuli, a jiƙa shi da mai a sa fula, wato ƙarfen zare fuli. Kusoshin injin Amurka na inci ne, sifana 13 tana sulɓewa a kan mai rabin inci ta goge kanta. Makullin filawil na alminiyam ne da gangan, don ya karye kafin wani abu mai tsada ya karye, kada a fiƙe ƙusa a sa. Gwamnan inji, wato abin da ke daidaita gudunsa, ba a ɗaure shi da waya don ƙarin gudu, injin bai kamata ya wuce juyi 3,600 a minti ba. Bakin fulogi milimita 0.76. Maɓallin da ke ƙarƙashin kujera, wanda ke kashe inji idan direba ya tashi, shi ma a bar shi da aikinsa, wuƙar ƙasa ba ta san ƙafa ba.

Ciyawar da ba ta samun ban-ruwa tana bushewa daga Oktoba, motar ta zauna har Yuni. Fetur ɗin da aka bari a kafireta tsawon watannin nan yana zama danƙo ya toshe jet, shi ya sa farkon damina kowa ke neman sabuwar kafireta. Kafin a ajiye, a rufe famfon mai a bar injin ya yi aiki har ya mutu da kansa, a juye tanki, a sauya baƙin mai, a cire wayar batir a riƙa yi masa caji wata-wata, a toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro, sannan a rufe motar da tamfol kafin ƙurar hunturu ta sauka.