Yadda ake harhaɗa wasan OpenTTD daga tushensa a kan Linux

OpenTTD wasa ne na shimfiɗa layin dogo, tituna da filayen jirgin sama, wanda ya fara fitowa a 2004. Kowa na da damar sauke tushensa, wato rubutun da aka gina shi da shi, ya karanta, ya gyara, domin yana ƙarƙashin lasisin GPL. Amfanin harhaɗa shi da kanka, wato mayar da wannan rubutun ya zama manhaja mai aiki, shi ne ka samu sigar da kake so, ba wadda ta tsufa a ma'ajiyar manhajojin kwamfutarka ba. Bayanin nan na masu Ubuntu da Debian ne.

Buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka fara girka kayan aiki:

sudo apt install build-essential cmake git

Sannan ƙananan manhajojin tallafi (libraries) da wasan ya dogara da su:

sudo apt install libsdl2-dev zlib1g-dev liblzma-dev libpng-dev liblzo2-dev libfreetype-dev libfontconfig-dev libicu-dev

Lura da -dev da ke ƙarshen kowane suna. Mutum zai iya samun SDL2, na farko a jerin nan, a kwamfutarsa, amma idan babu na -dev, na'urar harhaɗawa ba za ta gan shi ba. Yawancin masu makalewa a nan suke makalewa.

Yanzu sauko da tushen:

git clone https://github.com/OpenTTD/OpenTTD.git
cd OpenTTD
git checkout 14.1

Layin ƙarshe zai mayar da kai kan sigar 14.1 da aka saki a 2024. Idan ka tsallake shi, abin da masu aikin ke kan gyarawa a yau za ka harhaɗa, kuma ba lallai ne ya tsaya daidai ba.

Sai ka buɗe folda ta musamman don aikin:

mkdir build
cd build
cmake .. -DCMAKE_BUILD_TYPE=Release

A nan nake roƙon ka dakata ka karanta abin da ya fito a allo. CMake ba harhaɗawa yake ba, duba kwamfutarka yake ya ga me ke akwai, me babu. Wasu abubuwan idan babu su zai tsaya cak, wasu kuma gargaɗi kawai zai yi ya wuce, sai daga baya ka ga wasan ya kasa buɗe wani fayil. Duk abin da ya ce bai samu ba, girka shi ka sake ba da umarnin. Kalmar Release ɗin ma kada ka manta da ita. In ba ita, sigar gwaji ta masu farautar kurakurai za ka samu, wadda ke tafiyar hawainiya da zarar jiragenka sun yi yawa.

Daga nan:

make -j4

Lamba 4 na nufin ayyuka huɗu a lokaci guda. Kwamfutar da ba ta da RAM sosai gara a ba ta 2, don kada ta ƙame. Idan aikin ya tsaya, koma sama ka nemo kuskuren farko. Na ƙasa galibi shi ne ya haife su.

Da ya kai 100%, buga ./openttd. Tushen ba ya zuwa da hotunan wasan, saboda haka zai tambaye ka ko ya sauko da su. Amsa masa e, ko ka ɗauko OpenGFX, wato kunshin hotunan wasan, daga shafin openttd.org ka ajiye a ~/.local/share/openttd/baseset.

Mai son wasan ya zauna cikin tsarin kwamfutar gaba ɗaya sai ya buga sudo make install. Ni dai na fi son a bar shi cikin build, domin ranar da sabuwar siga ta fito, goge foldar za a yi, a sauko da tushen sabuwar sigar, a sake harhaɗawa.