Yadda Ake Kallon Hoton da Aka Ɗauka a Ɓoye

Ɗaukar hoto ce sana'ata. Yaran da nake koya wa sukan tambaye ni dalilin da manyan gidajen fasaha na Turai da Amurka ke rataye hotunan da mu a nan leƙe za mu kira su. Ga yadda nake ce musu su tunkari irin wannan aiki, a bango suka gan shi ko a waya.

Kafin ka damu da abin da ke cikin hoton, duba inda aka tsayar da kai. A birnin Philadelphia na Amurka akwai aikin mai fasaha Marcel Duchamp da aka fara nunawa a 1969, shekara guda bayan mutuwarsa. Tsohuwar ƙofar katako ce mai huji biyu daidai ido. Sai ka manna fuska kafin ka hango mutum-mutumin mace kwance a ciyayi, ba sutura, riƙe da fitila. Mutum ɗaya kaɗai ke iya leƙawa, na bayanka kuma suna kallonka kana yi. Kohei Yoshiyuki ma haka ya yi a Tokyo a 1979. Ya ɗauki hotunan maza da ke raɓewa cikin dare suna leƙen masoya a lambunan shaƙatawa, ya kashe fitilun ɗakin nunin, aka miƙa wa kowane baƙo tocila. Da hannunka za ka haska, ka zama ɗaya daga cikinsu. In ka ji kunya ta kama ka, tsaya da ita tukuna, don da gangan aka jawo maka ita.

Daga nan tambayi kanka: wanda aka ɗauka ya sani? A nan nake daɗewa kan Sophie Calle, 'yar Faransa. A 1981 ta kama aikin gyaran ɗakuna na mako uku a wani otal a Venis, aka ba ta ɗakuna goma sha biyu. Kyamararta na ɓoye cikin bokitin goge-goge. Baƙi na fita sai ta buɗe akwatuna, ta karanta wasiƙu, ta zazzage kwandon shara, ta ɗauki hotunan silifas da rigar barci da gadon da ba a gyara ba. Kusan ba fuskar kowa a ciki, amma ranar da na fara ganinsu sai da na tuna abin da ke aljihun jakata. Duba su a hankali, ka lura da irin labarin da kake ƙulla wa mutumin da ba ka taɓa gani ba daga buroshin haƙorinsa kawai. A shekarar nan dai ta sa mahaifiyarta ta ɗauko mai binciken sirri ya riƙa bin ta a Paris yana ɗaukarta, shi bai san ta sani ba. Ajiye ayyukan biyu kusa da juna, ka ga yadda iko ke komawa hannun duk wanda ya san ana kallo.

Kada kyan hoto ya mantar da kai wanda abin ya faɗa wa. Arne Svenson ya ɗauki maƙwabtansa ta tagoginsu a New York da kyamara mai jawo nesa, ya nuna a 2013. Wasu iyaye suka kai ƙara saboda 'ya'yansu na ciki. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya, tana mai cewa fasaha ce, duk da alƙalan sun nuna abin ya dame su. Hotunan suna da kyau ƙwarai, ba na musu. Amma ni da aka tarbiyyantar da ni in tsaya a zaure in yi sallama sau uku, in ba a amsa ba in juya, ban yarda kyau ya wanke shi ba. Yaron da ke cikin ɗakin uwarsa bai ba kowa izini ba.

Sai ka nemi aikin da ke rama kallo. A 2010 Marina Abramović ta zauna a MoMA, gidan fasahar zamani na New York, sama da awa 700, duk wanda ya zauna gabanta ta ƙura masa ido, da yawa har hawaye suka yi. Ko ka nemo hotunan Zanele Muholi na Afirka ta Kudu, jerin da ake kira Somnyama Ngonyama, inda aka ƙara wa fata baƙi, idanu suka fito fari tas suna dubanka.

Buɗe ɗaya daga cikinsu ya cika allon wayarka, ka saita minti biyu, kada ka kawar da kai. Yarana yawanci kafin minti guda sun sunkuyar. Bayan haka nake miƙa musu kyamara su tafi kasuwa, da sharaɗin duk wanda za su ɗauka sai sun gaishe shi sun faɗa masa.