Yadda Ake Gane Tabon Mastositoma a Jikin Jariri da Yadda Ake Kula da Shi

Akwai wani tabo da ake haihuwar jariri da shi, ko ya fito masa a watannin farko, galibi guda ɗaya tak, a hannu ko wuya ko ƙirji ko gadon baya. Uwa takan ɗauka tawadar Allah ce, sai ranar da aka dirje wurin da soso ya kumbura kamar borin jini, wani lokaci har ya ɗuri ruwa tamkar ƙunar wuta. Likitoci na kiransa mastositoma.

A fatar kowa akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin mast, waɗanda Bajamushe Paul Ehrlich ya fara bayyanawa a 1878. Cike suke da sinadarin histamin, wanda ke sa cizon sauro ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. A wannan tabo, ƙwayoyin ne suka taru suka yi cincirindo a wuri ɗaya, da an takale su sai su zubo da histamin gaba ɗaya. Ba ciwon daji (kansa) ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba abin da kika ci lokacin goyon ciki ne ya jawo shi ba.

Mataki na farko, ki duba tabon da rana, a waje inda haske yake. Faɗinsa yakan kai santimita 1 zuwa 5, ya ɗan tasa sama da fata, samansa kuma wani lokaci kamar ɓawon lemu. A jikin farin yaro yakan yi ruwan ƙasa mai ratsin ɗorawa ko ja, amma a baƙar fata duhu kawai yake ƙarawa, jan ba ya nunawa sosai. Don haka kumburin za ki sa wa ido, ba launin ba. Ba ya yin garin fata ko zobe irin na makero.

Mataki na biyu, ki lura da abin da ke tayar da shi. Duk lokacin da ya tashi, ki ɗauki hotonsa da waya, ki riƙe abin da ya faru kafin nan: wanka ne, zazzaɓi ne, bakin zanen goyo ne ya goge shi? Hoton nan yana da amfani ƙwarai, domin sau da yawa kafin layi ya zo kanki a asibiti kumburin ya sace.

Mataki na uku, ki kai shi wurin likitan yara ko na fata. Zai ɗan goga tabon ya jira 'yan mintoci, in ya kumbura, wannan ita ce alamar Darier, sunan wani likitan fata Bafaranshe. Sau da yawa ita kaɗai ta isa a gane cutar. In akwai shakka, ko tabon ya yi yawa a jiki, akan auna sinadarin tiriftes, wanda ƙwayoyin mast ke fitarwa, a jini ko a ɗebi ɗan ƙanƙanin fata a duba. Kada ki riƙa yin gwajin gogawar a gida don nuna wa dangi, kowace gogawa wahala ce ga yaron.

Mataki na huɗu shi ne babban aikin, kuma a gida yake. Zafi da guga su ne manyan abokan gabar wannan tabo, wankan jariri a gidajenmu kuwa ya haɗa su duka biyun: ruwa mai zafi, soso, ga gashi da tsumma. Ki yi wa mai wankan bayani cikin ladabi, ko da kakarsa ce, cewa ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, a wanke wurin da tafin hannu, a tsane shi da tawul ba tare da gogawa ba. Ki sa masa tufafin auduga masu sakewa, ki kawar da igiyar laya ko robar wando da ke bi ta kan tabon, ki yanke masa farce. Lokacin bazara a rage lulluɓi, da hunturu kuma a shafa mai marar turare don kada fata ta bushe ta jawo susa.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaga da sakiya. Wallahi babu mugun jinin da za a fitar a ciki, rauni kawai za a ƙara masa. Haka ma a guji man shafawar da ake saya a kemis ba da umarnin likita ba. In ya ɗuri ruwa, kada a fasa, a wanke a hankali, a rufe da bandeji mai tsabta. Tsumma mai sanyi yana kwantar da ƙaiƙayi, likita kuma kan rubuta maganin da ke daƙile histamin daidai nauyin yaron.

Mataki na biyar, ki san magungunan da ke iya tayar da shi: asfirin, ibuprofen, kodin da mofin. Ki ambaci tabon ga duk ma'aikacin lafiyar da zai ba shi magani, musamman kafin tiyata ko kaciya. Rigakafi kuwa a ci gaba da yi masa, a dai sanar da mai allurar.

Jefi-jefi histamin kan bazu a jiki, fuskar yaro ta yi zafi ta yi ja, ya yi amai ko gudawa. Wannan ma a gaya wa likita. In kuwa numfashinsa ya sarƙe, leɓɓansa suka kumbura, ko jikinsa ya saki, a garzaya asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Hakan ba kasafai yake faruwa ba.

Ɗurar ruwan takan daina wajen shekara 2 zuwa 3. Tabon kuma yakan yi ta lafawa yana dushewa da kansa, a yawancin yara kafin su balaga, shi ya sa likitoci ba sa gaggawar yanke shi sai in yana yawan galabaitar da yaron.