Yadda za ka haɗa ƙaramar kwamfutar tebur da hannunka ba tare da zafi ya cinye ta ba

Masu son haɗa kwamfuta da kansu yawanci da firoseso suke farawa, wato CPU, su zaɓe shi, su zaɓi girafik kad mai sarrafa hoto, sai can a ƙarshe su nemo kes, wato akwatin da za su zuba komai a ciki. A babbar kwamfuta wannan ba matsala ba ce don fili na nan burjik. Amma in ƙarama kake so, irin wadda za ka ɗora a gefen monita ko ka saka a jakar baya ka tafi da ita, to dole ka juya lissafin, kes za ka fara zaɓa, sauran kayan su bi shi. Duk wanda ya sayi kaya kafin ya san kes ɗinsa, wallahi akwai yiwuwar ya zauna da kad mai tsada a hannu wanda ya ƙi shiga saboda milimita biyar kacal.

Girman kes da lita ake auna shi. Kes ɗin da muka saba gani a shagunan gem da ofis na tsaye, yawanci lita 40 ne zuwa sama. Masu harkar ƙananan nan kuwa, a wajensu abin da ya kai lita 20 zuwa ƙasa shi ake kira ƙarami. Cooler Master NR200 wajen lita 18 ne, Lian Li A4-H2O lita 11, Fractal Design Terra lita 10.4, DAN A4-SFX kuma lita 7.2 kawai, wanda da ƙyar ya fi kwalin takalmi. In wannan ne haɗinka na farko ni dai NR200 ko wani mai girmansa zan ce ka ɗauka, don yana karɓar kula, wato na'urar sanyaya CPU, mai tsayin milimita 155 da kad mai tsawon milimita 330, kuma kad ɗin kai tsaye yake hawa madabod, babban allon da ake jona komai a kai, ba sai da wata waya a tsakani ba, ga shi hannunka zai iya shiga ciki ka juya. Na ƙasa da lita 11 suna da kyau a hoto sosai, amma suna buƙatar haƙuri da lissafi, kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kamar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, kowace lita da ka rage iska ka rage.

Madabod ɗin da ake amfani da shi shi ne Mini-ITX, milimita 170 kowane ɓangare, kamfanin VIA ne ya fito da tsarin a 2001. Ka kwatanta da ATX na manyan kwamfutoci mai 305 da 244 ka ga bambanci. Abin da ka rasa a wannan ƙanƙantar shi ne ramin PCIe, inda ake soka kad, ɗaya tak kake da shi, ramin RAM kuma biyu. Saboda haka kar ka ce bari in sa 16GB yanzu in ƙara wasu sanduna biyu daga baya, babu inda za su shiga, sai dai ka cire na farko. In ka san aikinka na editin ne ko 3D, ka sayi sanduna biyu na 16GB ko 32GB tun farko ka huta. Kuma ka nemi RAM gajere, marar dogon kai da fitilu, domin a ƙananan kes fankar kula kan rufa a kan RAM ɗin, dogo ba zai bari ta zauna ba. Ka tuna madabod mai soket (mazaunin CPU) AM5 na AMD RAM na DDR5 kaɗai yake karɓa, mai AM4 kuma DDR4, ba sa musanya. Abu mai daɗi shi ne kusan duk madabod na ITX da Wi-Fi da Bluetooth yake zuwa.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka natsu. Ka buɗe shafin kamfanin kes ɗin, ka rubuta lambobi huɗu a takarda: tsayin kula na CPU da yake karɓa, tsawon kad, kaurin kad, da faɗin kad. Mutane tsawo kawai suke dubawa su manta kauri, alhali kaurin ne ya fi kama mutane. Kad na yanzu wasu kaurin ramuka biyu na bayan kes suke ci, wasu biyu da rabi, wasu uku har da ɗoriya, kuma samfuri ɗaya na GPU, wato ƙwaƙwalwar kad ɗin, a ce RTX 4070, kowane kamfani da girman nasa, na ASUS daban na Zotac daban na Gigabyte daban, har a kamfani ɗaya ma za ka samu mai fanka biyu da mai fanka uku. Don haka ba sunan GPU za ka duba ba, ainihin modal ɗin da ke hannun mai shago za ka duba. A 2024 NVIDIA ta fito da wani ma'auni da ta kira SFF-Ready, kad ɗin da bai wuce tsawon milimita 304 ba, kauri 50, faɗi kuma 151 har da lanƙwasar wayar wuta. Yana taimakawa, amma ka sake aunawa da kanka. Shafin PCPartPicker ma yana nuna kayan da ba su dace da juna ba, sai dai ba ya kama komai, musamman rikicin RAM da kula.

Kes irin su Terra da A4 tsarinsu daban ne, madabod yana ɓangare ɗaya, kad yana ɗaya ɓangaren, sun juya wa juna baya, sai a haɗa su da wata faffaɗar waya da ake ce wa raiza. A Terra ƙarfen tsakiyar ma matsawa yake yi, in ka ba kad fili sai kula ta rasa, in ka ba kula sai kad ya rasa, iyakar da kula za ta samu milimita 77 ne, kuma wannan sai in kad ɗinka siriri ne. Irin waɗannan kes ɗin gajerun kula suke so, kamar Noctua NH-L9 mai milimita 37, ko Thermalright AXP90-X47 mai 47, ko NH-L12S mai 70. Kula mai milimita 37 ba za ta iya da CPU mai zuƙar wat 200 ba ko da sunan wane kamfani ne a jikinta, wannan maganar ƙarfe da iska ce.

Shi ya sa nake ganin wanda ke zaune a yankinmu ya fi dacewa ya tsaya kan CPU na wat 65, irin su Ryzen 5 7600, ko Ryzen 5 5600 in kana kan AM4 kana lallaɓa aljihu. A gem bambancinsu da manyan ba shi da yawa kamar yadda kuɗinsu ya bambanta, kuma ba za ka riƙa jin fanka na ihu kamar za ta tashi sama ba. In ka ga wani a Jamus ko Kanada ya nuna CPU ɗinsa na digiri 75, ka tuna ɗakinsa bai fi digiri 21 ba, kai kuma naka yana iya kai 35 in an ɗauke wuta ba AC, wannan ratar kusan gaba ɗaya za ta hau kan lambar da za ka gani.

Akwai ma waɗanda ba sa buƙatar girafik kad sam. In aikinka kodin ne, ko ofis, ko kallo da ɗan gem marar nauyi, ASRock DeskMini bai kai lita 2 ba, yana zuwa da madabod da kes da adafta irin ta laptop, kai kawai CPU da RAM na laptop da SSD za ka saka. X300 na AM4 ne, X600 na AM5, ka haɗa shi da Ryzen mai G a ƙarshe, wanda ke da girafik a cikinsa, kamar 5600G ko 8600G. Ga mai sola ko inbata wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne don wutar da yake ja kaɗan ce.

Pawa saflai, akwatin da ke raba wa kayan wuta, ƙaraminsa da ake kira SFX ake sawa, milimita 125 da 63.5 da 100. Akwai SFX-L da ya fi shi tsawo da milimita 30, fankarsa ta fi girma, amma wannan 30 ɗin a wasu kes shi ne wurin da wayoyi za su kwanta, ka duba kafin ka saya. Ka ɗauki wanda wayoyinsa ke cirewa gaba ɗaya, ka saka waɗanda kake buƙata kaɗai. Kuma don Allah kar ka haɗa wayar wani pawa saflai da wani, ko da bakin ya shiga, tsarin wayoyin ciki ba ɗaya ba ne, haka ake ƙona SSD da kad. A nan ne ba na son a yi rowa. Gaskiya madabod na ITX da pawa na SFX sun fi na manya tsada, kuma ba ko'ina ake samunsu ba, ko a Computer Village ta Ikeja ko Banex a Abuja sai ka yi yawo, sau da yawa sai dai oda daga waje. Kad na hannu za ka iya saya in ka gwada shi a gabanka, CPU na hannu ma haka, amma pawa saflai da ba ka san tarihinsa ba ka bar shi.

To kaya sun iso. Kar ka taɓa kes tukuna. Ka ɗora madabod a kan kwalinsa, ka taɓa ƙarfe don sauke wutar jikinka, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe. Ka sa CPU, ka bi alamar ɗan kusurwa uku da ke gefe, ba a dannawa, da kansa yake zama. A AM5 da Intel allurai a cikin soket suke, ko yatsa kar ya kai wajen. Sai SSD na M.2, siririn ma'ajin bayanai da ake sokawa a jikin madabod, kuma in madabod ɗin na da rami a baya ka sa shi yanzu, don in ka riga ka ɗaure komai a wasu kes sai ka kwance duka kafin ka kai gare shi, ka kuma sani na bayan ya fi ɗaukar zafi, gara babban SSD ɗinka ya zauna a gaba ƙarƙashin ƙarfen sanyaya. Sai RAM, sai man da ke kai zafin CPU zuwa kula (thermal paste), ka sa a kan CPU ɗan ɗigo daidai ƙwayar wake, ka cire ledar da ke manne a ƙasan kula, sannan ka ɗaure sukurori a giciye kaɗan-kaɗan. Ka jona pawa da kad da monita a nan kan tebur, ka kunna ta hanyar taɓa fil biyu na maɓallin wuta da bakin sukudireba. In ka ga BIOS, wato shafin saitin madabod, alhamdulillahi. In akwai abin da ya mutu, gara ka gane yanzu da bayan ka ɓata awa uku kana cusa wayoyi.

Tunda kana cikin BIOS, in kes ɗinka na raiza ne ka duba ƙarninta. Raiza ta PCIe 3.0 da kad na 4.0 kan ba da baƙin sikirin ko daskarewa, maganinsa ka saita ramin a Gen 3 tun kad na kan madabod kai tsaye. In za ka sabunta BIOS kuma, ka tabbata kana kan UPS ko inbata, ɗauke wuta a tsakiyar wannan aikin na iya kashe madabod.

Wajen sakawa a kes, ka cire duk murafen da ke cirewa. Ka jona wayar CPU mai fil 8 da ta maɓallin gaba da ta fanka kafin ka ɗaure madabod, don da zarar ya zauna yatsa ba zai kai ba. A pawa saflai ma ka soka wayoyin tun yana waje. Kad shi ne na ƙarshe. In kad ɗin na da sabon bakin wuta mai fil 16, wanda aka yi ta kukan narkewarsa a RTX 4090 a 2022, ka tura shi har ƙarshe sai ka ji ya kama, ba rata ko kaɗan, kuma kar ka lanƙwasa wayar daf da bakin, ka bar mata kamar milimita 35 a miƙe. A matsattsen kes murfin gefe ne ke danne ta, in ka ga sai ka tura murfi da ƙarfi kafin ya rufe to akwai gyara. Ka ɗaure wayoyi nesa da fuka-fukan fanka.

Bayan ka sa Windows ko Linux, ka koma BIOS ka kunna EXPO ko XMP don RAM ya yi gudun da aka rubuta a kwalinsa. Ka sauke manhajar HWiNFO ka kalli zafi, ka kunna Cinebench, manhajar da ke ɗora wa CPU aiki mai nauyi, na minti goma da murfi a rufe, da rana ba da asuba ba. Ryzen 7600 iyakarsa digiri 95, in ya kai nan da kansa yake rage gudu, ba ƙonewa zai yi ba, amma ni ba na son in ga na'ura tana zama a can kullum. Ka gwada Curve Optimizer, saitin AMD na boltej ɗin CPU, ka rage kaɗan-kaɗan kana gwaji, in CPU ɗinka babba ne ka sa masa Eco Mode mai rage wutar da yake ja. Kad ma haka, da manhajar MSI Afterburner ka sauke iyakar wutarsa zuwa kashi 80 ko ka rage boltej, gudun da za ka rasa kaɗan ne, zafi da ƙara kuma su sauka sosai. A ƙaramar kwamfuta wannan saitin cikin aikin haɗawa yake.

UPS da za ka haɗa mata ka nemi mai fitar da tsaftatacciyar wuta, wanda aka rubuta pure sine wave a jikinsa, domin pawa saflai na zamani wasunsu kan mutu ko su yi ƙara lokacin da arha UPS ya karɓi wuta. Kar ka ajiye ta a ƙasa ko ka matse ta a bango, ɓangarorin da ke da raga su samu fili kamar tafin hannu. Ƙura kuwa, yawancin waɗannan kes ɗin ramuka ne ko'ina kuma ba dukansu ke da matata ba, in ka ƙara ragar tace ƙura iska za ta ɗan ragu, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ni na fi yarda da ragar. Ka riƙa buɗewa duk wata a lokacin hunturu, ka cire wuta, ka fita da ita waje ka hure da bulowa, kana riƙe da fanka da yatsa don kar iska ta juya ta da gudun da ya wuce ƙa'ida ta lalata mata biyarin.